Kalmar Bakin Rijiya

Rabi ce ke rubutawa, matar ɗana, ni ina faɗa. Na ce mata idan kuka ya tare ni ta ajiye biro ta jira, kada ta cike min da maganarta.

Sunana Hanne, daga wani ƙauye gabas da Gumel. Mijina ya daɗe da rasuwa. 'Ya'ya shida na haifa, ƙasa ta karɓi biyar tun suna ƙanana, na farin ne ya rage min. Shi aka kashe a Abuja, aka liƙa masa sunan ɓarawo, ni kuma na yi ta yawo a garin da ban sani ba don in cire masa sunan.

Mutane Ɗanlami suke ce masa. Ni ba na kiransa. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina aka yanka masa, kunya biyu ke nan a kaina. "Mai sunan Baba" nake cewa, ko in ce "wannan".

Akwai wata kalmar kuma da ba za ku ji a bakina ba, sunan wani kamfanin Turawa. Idan ya zo gida da sallah yakan zauna a bakin tabarmata yana ba ni labarinsa. Ya ce, "Inna, ɗalibai biyu ne suka fara shi a Amurka. Kin san dillalin kasuwar Maigatari, wanda baƙo zai tambaya ina ake sayar da raƙumi ya kama hannunsa ya kai shi? To haka yake, amma a cikin kwamfuta. Daga baya suka fara ba mutane akwatin wasiƙa kyauta." Aikinsa ke nan a Apo, wajen makanikai: ya buɗe wa mutum akwati, ya rubuta masa wasiƙa zuwa ga masu turo kayan gyaran mota, ya karanta masa amsa. Ya sa aka zana sunan kamfanin a allon shagonsa tun yana saurayi, bai taɓa saukewa ba.

Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni sana'ar yaron, sai in ce aikin kaza yake yi, in faɗi kalmar da alfahari. Samarin ƙauye sukan yi murmushi su kalli juna. Na ɗauka murna suke taya ni.

Rabi ta bugo wayar maƙwabcina ta ce ba shi da lafiya, in zo. Na san irin wannan rashin lafiyar, amma na hana zuciyata ta sani.

A Zuba aka sauke mu da hantsi. Ban gama miƙe ƙafa ba wani ɗan kamasho mai jan ido ya tare ni.

"Mama, ina za ki?"

Na ce, "Wurin ɗana. Za ka san shi, yana aikin..." na faɗi kalmar, da ƙarfi, don hayaniya ta yi yawa.

Ya tsaya yana kallona, sannan ya juya ya kira 'yan'uwansa. "Ku zo ku ga uwar manya. Da bakinta ta faɗa. To Hajiya, a buɗe jaka mu ma mu ci arzikin yaro."

Igiyar jakar a wuyana take. Da ya fizga sai na bi ta, na faɗi, ya ja ni a kan tsakuwa kamar buhu. Na riƙe da hannu biyu don takardar da aka rubuta min lambar Rabi tana ciki. Wani ya taka min yatsu. Wani ya kai min gwiwar hannu a baki, na ji haƙorina na gaba ya faɗo a kan harshena. Suka zazzage jakar a ƙasa. Kuka ce da daddawa da ɗan yajin da na daka masa. Suka yi tsaki, suka watsar da ƙafa, suka tafi da jakar da takardar.

Wani direba ne ya ɗaga ni, ba Bahaushe ba, Hausarsa a karye. Ya ba ni ruwan leda na kurkure jinin.

Ya ce, "Mama, wannan magana kar ki sake faɗa shi a Abuja. Kin san me yana nufi?"

Na ce sunan kamfani ne.

"Da can. Yanzu sunan ɓarayi ne. Yara masu cuta mutane da wasiƙar ƙarya, da akwatin kamfanin suka fara, sai sunan ya bi su. Kin tsaya a tasha kin ce ɗanki ɓarawo ne."

Shekara nawa ina faɗa. A gidan biki, a gidan suna, a bakin rijiya. Na ɗaure haƙorin a bakin mayafina, ban san dalili ba. Direban ya sa ni a gaban motarsa ya kai ni har Apo, bai karɓi komai ba. Ban tambayi sunansa ba. Allah Ya san shi.

Apo ƙarfe ne ko'ina. Gawar mota a kan gawar mota, ƙasa baƙa da mai, ƙarar guduma ba ta yankewa. Na yi ta tambayar Ɗanlami mai kwamfuta, kowa ya kau da kai. Daga ƙarshe wata mai sayar da shinkafa, Bagwariya, ana ce mata Mama Asabe, ta kama hannuna ta shigar da ni bayan rumfarta. Ta dubi fuskata ta ce, "Hancinsa ne wannan. Ke ce mamansa."

Ta nuna min wurin da haɓa. Shagon ƙarfe ne ya lanƙwashe, ya yi baƙi. A gabansa akwai wata da'irar toka, da zaren waya irin wanda ke saura idan taya ta ƙone.

Na ce ta faɗa min duka. Ta ƙi. Na ce ni na haife shi, ni zan ji.

Ta ce akwai wani Alhaji Mudi mai sayar da kayan gyaran mota. Abokan kasuwa suka damƙa masa dukiyarsu ya yi odar kaya daga waje, sai wasiƙar ƙarya ta zo akwatinsa, ya tura dukiyar inda ba a dawowa. Da suka matsa masa, sai ya ce ai Ɗanlami ne ya buɗe masa akwatin, shi ya haɗa cutar. Ranar Litinin da rana tsaka ya zo da mutane, ya nuna allon shagon ya ɗaga murya ya faɗi kalmar. Shi ke nan. Ba wanda ya tambayi komai.

Suka jawo shi daga kan kujera da tabarau a idonsa. Na farko da sandar ƙarfe ya buge shi a ƙafa don kada ya gudu. Ya yi ta cewa, "Ku buɗe akwatina ku gani, ku buɗe ku gani." Wani ya fasa masa baki da sifana. Mutanen da ya rubuta wa wasiƙa, waɗanda ya karanta wa takardar asibiti, suna cikin masu dukan. Suka sa masa taya, aka tsiyayo fetur daga wani babur. Mama Asabe ta ce ta ɗauki bokitin ruwan wanke-wanke ta nufe shi, wani ya hankaɗe ta ta faɗa kan murhu. Ta nuna min ƙunar a damtsenta. Hukuma ta iso bayan wutar ta mutu. An binne shi washegari, mutum kaɗan a kansa.

Rabi, ajiye biron.

To ɗauka.

Na fita daga rumfar na je na zauna a kan tokar. Ban yi shawara ba, ƙafata ce ta kai ni. Na kwashi tokar ina zubawa a mayafina ina kuka irin na ƙauye, mai sauti. Mutane suka fara taruwa. Na ji ana cewa, "Uwarsa ce." Dutsen farko ya wuce ni. Na biyu ya same ni a goshi, jini ya rufe min ido ɗaya. Da ɗayan idon na ga wani gajere mai farar hula yana cewa, "A kore ta, irinsu ɗaya, ita ta ci dukiyata." Mudi ke nan.

Ciyaman ɗin makanikai ya ratso taron, dattijo mai ƙatuwar murya, ya ce a bari. Ya tsuguna gabana.

"Baba tsohuwa, tashi ki tafi. Ba zan iya tsare su kullum ba."

Na ce, "Ya ce ku buɗe akwatinsa. Kun buɗe?"

Ya girgiza kai.

Na ce, "To ni zan buɗe."

Ya ce, "Idan kin iya, ki kawo a buɗe nan a gaban kowa. In ya fita, ni da bakina zan tsaya a masallaci ranar Juma'a in faɗa. In bai fita ba, ba ruwana da abin da zai same ku."

Mama Asabe ta ɗaure min goshi da ɗankwalinta, ta cika min kwano da shinkafa, na kasa taunawa. Ita ta san inda Rabi take, ita ta sa ni a motar Karshi.

Hanyar Karshi duwatsu ne da gonaki, har na ga dawa ta yi kai, na tuna tawa gonar da akuyata mai ciki da na bar wa maƙwabta. Na so a ce in rufe ido in buɗe in ganni a tsakar gidana ina dama fura, yaron nan yana Abuja lafiya, ni ban san komai ba.

Na tarar da ƙofar ɗakinsu a ɓalle, an jingine ta. Hannun Rabi a ɗaure da karan ɗori. Samari sun biyo ta har gida kwana biyu bayan kisan, suna neman dukiyar da suka ce ya ɓoye. Suka farke katifa, suka fasa tukwane, da ta tare ƙofar uwar ɗaka suka murɗe mata hannu har ya karye. A bangon waje sun yi wani rubutu da baƙin mai, manya-manya. Ban tambayi abin da aka rubuta ba. 'Yarsu, takwarata, ta daina zuwa makaranta, don yara da sunan suke kiranta.

Abu ɗaya ya tsira, tsohuwar kwamfutarsa ta gida, wadda Rabi ta tura cikin buhun garin rogo. Wayarsa ta ƙone tare da shi, saboda haka babu wata hanyar shiga akwatin sai da makullinsa, wata kalma da shi kaɗai ya sani.

Rabi ta ce, "Na gwada sunana, na gwada na yarinya, na gwada sunansa na yanka. Duk lokacin da na kuskure sau da yawa sai akwatin ya ƙi ni, in jira. Amma Inna, ya taɓa ce min cikin wasa, in ya riga ni mutuwa in tambaye ki abin da kika kira shi da shi ranar rijiya."

Na sani nan take. Na juya fuskata ga bango.

Kwana uku tana roƙona. Na ce na manta. A na ukun ta zauna gabana, ta ce, rubuta Rabi, ke kika faɗa, ta ce, "Inna, an ƙone shi. Kunyar wa kike ji yanzu? Tokar?"

Kalmar dai ban faɗa mata ba. Amma na ce ta nemo wanda ya iya karatun Turanci, wanda mutanen Apo za su ji nauyinsa.

Haka muka je Gwarinpa, unguwar da gidaje suke kama ɗaya har mai gida ma zai iya ɓata. Can wata Hajiya Bilkisu take, ma'aikaciyar gwamnati. Shi ya buɗe mata akwatinta na farko tun tana ɗaliba, da shi ta nemi aikin da take yi. Da ta ga goshina ta zauna a ƙasa kusa da ni, da kayanta masu tsada, ta riƙe min hannu. Ta sa aka yi min kunu saboda bakina.

Ta ce, "Na sha gaya masa ya sauke allon nan. Na ce Ɗanlami, kamfanin nan zamaninsa ya wuce, wani ya zo ya fi shi iya nema, mutane sun koma can. Ɓarayi sun taɓa shiga rumbunsu sun kwashe makullan jama'a, ba a sanar da wuri ba. Har an zarge su da miƙa wasiƙun wani marubuci ga gwamnatin ƙasarsa aka ɗaure shi. Ga kuma abin da sunan ya zama a nan. Sai ya yi dariya ya ce, 'Hajiya, da shi na ci abinci, da shi na yi aure. Don yaran banza sun ɓata sunan ba zan yi masa butulci ba.'"

Na ce halin ubansa ne. Shi ma jakinsa ya tsufa ya ƙi sayarwa har ya mutu a turke.

Ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta. "Inna, faɗa min kalmar mu duba a nan tukuna. Mu san abin da ke ciki kafin mu shiga hannun mutanen nan."

Na ce a'a. In aka buɗe a nan za su ce mun share. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Tsoro nake ji. Shekara ashirin yana garin nan, ni sai da sallah nake ganinsa. Me na sani? In har zan ji mugun abu a kansa, gara in ji sau ɗaya, a kan tokarsa, su ƙarasa ni a wurin.

Muka koma Apo ranar Laraba bayan azahar. Ciyaman ya sa aka ajiye benci a ƙarƙashin wata rumfar kwano, aka ɗora kwamfutar a kan ganga. Mutane suka cika wurin, wasu a kan motoci. Ba wanda ya ajiye abin da ke hannunsa. Na ga sanduna, na ga guduma, na ga wani ya jingina taya a ƙafarsa yana kaɗa ta. Mudi yana gaba, yana cewa, "Ɓata lokaci ne, oga ciyaman. Tsohuwar da ba ta san alif ba ita za ta buɗe kwamfuta?"

Hajiya ta sa yatsunta a kan madannai ta dube ni.

Ranar rijiyar, yaron nan yana shekara bakwai ne. Na je ɗiban ruwa ya biyo ni, igiyar guga ta naɗe masa ƙafa ta ja shi ciki. Na ji ƙarar faɗawarsa. Abin da ya fito daga bakina ban san lokacin da ya fito ba, duk matan da ke bakin rijiyar suka ji. Aka ciro shi da rai. Dangin mijina suka shekara suna yi min tsiya, suna cewa ga marar kunyar da ta kira ɗan fari, ta kira suruki, har da cewa nata ne. Ban sake ba. Ban san ya ji ba ma, yana can cikin ruwa.

Na sunkuya na raɗa wa Hajiya. Ta ce ba ta ji ba. Na sake. Giɓin haƙorin nan yana fitar da iska, ga guduma tana bugawa a wani gareji. Ta ce, "Inna, yi haƙuri, harafi ɗaya in ya kuskure ba zai buɗe ba. Ɗaga murya."

Na miƙe tsaye. Na dubi wurin tokar.

Na ce, "Zakarina."

Ta danna.  Sai fuskar kwamfutar ta canza, Rabi ta kama zanena.

Hajiya ta nemi sunan Mudi a ciki, ta karanta da Turanci ta juya da Hausa. Wasiƙa ta farko tsohuwa ce, ɗana ne ya aika masa: Alhaji, ka canza makullinka, ɓarayi sun shiga rumbun kamfanin, kada kowa ya san sabon, har ni. Ta biyu ta watan da ya wuce ce. Mudi ne da kansa ya turo masa wasiƙar ƙaryar yana tambaya ya duba masa. Ɗana ya amsa: Alhaji, kada ka tura ko sisi. Ba mutanenka ba ne, dubi sunan, an ƙara harafi ɗaya. Ka buga musu waya tukuna, don Allah.

Ciyaman ya ce, "Akwai amsa?"

Ta ce, "Akwai. Daga wayar Alhaji Mudi. Ya ce: Na gani. Kai kwamfuta ka sani, ba ka san kasuwa ba."

Ciyaman ya kira mutum biyu masu karatu daga cikin taron suka duba da idonsu. Suka ɗaga wa ciyaman kai, alamar haka yake.

Mudi ya fara ja da baya. Bai yi taku uku ba. Wanda ya fara kai masa sanda, Mama Asabe ta gaya min daga baya, shi ne wanda ya fara karya ƙafar ɗana. Farar hular ta faɗi aka tattake. Na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙashi, na gane cewa irinta aka yi ranar Litinin ɗin. Ya rarrafo yana tofar da jini, ya kama ƙafata yana cewa, "Mama, ki yi musu magana."

Zan faɗi gaskiya tunda Allah Ya gani. Ban yi magana ba. Na tsaya ina kallo, kuma zuciyata ta yi sanyi. Ban san tsawon lokacin ba. Sai da na ga an mirgino tayar nan, wani yana kwance tiyon babur, sannan na zauna a kan bayan mutumin da duk nauyina, na ce wanda zai zuba ya zuba mana tare. Ba don tausayinsa ba. Na ga dai ba zan iya jin warin da yarona ya yi ba. Ciyaman da wasu dattawa suka janye shi suka kulle a wani shago har hukuma ta zo ta tafi da shi. An ce ya rayu, amma hannu ɗaya ba ya aiki. Shirun da na yi kafin in zauna, shi nake nema wa gafara kowace sallah.

Ranar Juma'a ciyaman ya cika alkawari. Ina daga waje cikin mata na ji muryarsa a lasifika. Ya ce Zakariyya'u, wanda aka sani da Ɗanlami, ba ɓarawo ba ne, an zalunce shi, kuma hannun mutanen wurin nan ne. Wasu suka zo suna ba ni haƙuri. Na kasa gane waɗanda suka riƙe sanda da waɗanda suka tsaya kallo, saboda haka ban amsa wa kowa ba.

Da muka koma Karshi na ɗebi toka da soso na je bangon. Baƙin mai ba ya fita da sauƙi. Na tambayi Rabi daga ina kalmar ta fara, a ina ta ƙare, ta nuna min, na yi ta gogewa har yatsun da aka taka suka sake fashewa. Inuwarta tana nan in rana ta haska, amma yarinya ta koma makaranta.

Haƙorin yana bakin mayafina har yau. Ƙauye kuma ban koma ba tukuna, an ce akuyar ta haifi biyu.

Shekara arba'in da wani abu yana ɗauke da kalmar nan. Kullum da safe in ya buɗe shago, ita yake fara dannawa da yatsunsa kafin ya yi wa kowa aiki. Ni kuwa sau ɗaya na ba shi ita, yana cikin ruwa.

Rabi, rubuta ta a nan ƙasa, ita kaɗai, da manyan baƙi. Juyo min takardar in ga kamanninta.

ZAKARINA